Igiyar da Aka Yanke wa Mita Ɗaya

Rijiyar tsakar gidan Mai Awo ba ta taɓa cika ba, ko a shekarar da damina ta yi hauka. Gaba bakwai ake zura guga kafin a ji ya taɓa ruwa. Shi ya sa da matarsa ta ɗaga murfin da sassafen nan, ta ga ruwa ya taso har ana iya ɗiba da kofi, ba ta yi murna ba.

"Baban Biyu, zo ka ga wani abu."

Ya fito yana ɗaura igiyar takalmin aiki, ya leƙa. Ruwan ba fari ba ne, ba kuma ja irin na laka ba. Ruwan toka ne, da wani kumfa siriri a gefe. Nan take ya gane tokar, amma bakinsa ya riga ya saba da ɓoye gaskiya.

"Ruwan sama ne ya sauko ta ƙarƙashi."

"Kwana uku ke nan ba a yi ko yayyafi ba," in ji ta. Tela ce, kuma ba ta ɗaukar zance sai ta gwada shi ta ga ya zauna. "Ɗakin baya ma ƙasa ta jiƙe. Na kwashe yadin mutane na ɗora a kan gado."

"Kada yara su sha. Kada ki ba Inna. Zan duba in na hau."

Bai jira karin kumallo ba. Ya wuce ɗakin tsohuwarsa, wadda ciwon gwiwa ya zaunar shekara uku ke nan, ya gaishe ta daga bakin ƙofa ya fice.

Unguwar tasu a kwari take, tashar lantarki kuwa tana can bisa tudu da dogon bututun hayaƙinta. Kwal, wato gawayin ƙasa, take ci dare da rana, abin da ya rage kuma toka ce. Tokar nan ba irin ta murhu ba ce da za a goge tukunya da ita. Kwaɓa ta ake yi da ruwa a turo ta cikin wani makeken tafki, tafkin kuma datsin ƙasa ne ya tare shi, mai tsayin bene hawa shida. Gindin datsin nan shi ne ƙarshen layin su Mai Awo. Waɗanda suka gina tashar an ce a ƙasarsu rufe irinta suke yi, saboda tari da zafin duniya. A nan kuwa har an fara kafa ta biyu a gefen ta farko. Wayoyin wutar ta saman unguwar suke wucewa su tafi birni, abin da ke sauka wa 'yan kwari shi ne farin gari a kan shanya da tarin da ba ya jin magani.

Aikin Mai Awo ba shi da wuya, yaron firamare ma zai iya. Akwai bututu goma sha biyu da aka kafa a jikin datsin. Kullum da safe zai buɗe kowanne, ya zura igiyar awo mai lambobi a jiki, da wani ɗan ƙarfe kamar yatsa a bakinta. Da ƙarfen ya taɓa ruwa sai ya yi tsuwa, shi kuma ya karanta lambar da ke bakin bututu ya rubuta. In lambar ta yi yawa, ruwa na can ƙasa, datsi a bushe yake. In ta yi kaɗan, ruwa ya hauro cikin jikin datsin yana jiƙa shi. Ranar da ya kama aiki Injiniya ya riƙe kafaɗarsa ya ce: "Na bakwai shi ne a kan gidajenku. Duk ranar da ka ga ya gaza mita huɗu, kada ka tako, rugo da gudu."

To, wata bakwai ke nan da na bakwai ya gaza mita huɗu, kuma duk duniya Mai Awo kaɗai ya sani.

Abin ya faro ne daga ɗan ƙaramin tsautsayi. Wata rana ƙarfen ya maƙale a cikin bututu, ya fizgo, wayar da ke cikin igiyar ta tsinke kusa da baki. Igiyar daga ƙasar waje ake kawo ta, kuma wanda ya riƙe aikin kafin shi a kan ɓatar da fitila aka sallame shi. Mutanenmu kuwa ba su san a yar da abu ba. Bokiti ya fashe a liƙe, takalmi ya tsinke a ɗinke, fanka ta mutu a naɗa mata waya. Sai ya sa igiyar a jaka ya kai wa mai gyaran rediyo. Aka yanke wurin da ya lalace, aka mayar da ƙarfen, aka naɗe tsaf. Shi ya ce a yanke mita ɗaya cif, don lissafi ya yi sauƙi: duk abin da igiya ta nuna, ya cire ɗaya a ka kafin ya rubuta. Har ya dinga jin kansa mai dabara.

Haka ya yi ta yi, sai zazzaɓin taifot ya kwantar da shi mako uku. Aka ba Dogo, mai kula da famfunan tura toka, ya riƙe masa. Dogo bai san da zancen yanka ba, abin da ya gani shi ya rubuta. Dare ɗaya bututu goma sha biyu suka nuna ruwa ya sauka da mita guda. An kuwa yi rashin sa'a, a makon ne aka gama wasu sababbin magudanai da Injiniya ya sha faɗa da manya kafin su yarda a yi. Injiniya ya ga lambobi ya kusa taka rawa. Ya aika rahoto sama, aka yaba masa, aka ba da izinin ƙara wa datsin tsayi don ya ɗauki tokar sabuwar tasha.

Ranar da Mai Awo ya dawo, Injiniya ya tare shi da fara'a ya nuna masa takardar. Ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna da mai fitila, ya tuna da 'yan biyunsa mata da ke aji uku, sai ya ce: "Ma sha Allah." Washegari ya rubuta abin da igiya ta nuna, bai cire komai ba. Ya ce wa ransa sai ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo ya wuce har sau bakwai, manyan motoci na ta jibge ƙasa a kan datsin.

Yau da ya hau, ƙasar saman datsin tana lotsawa ƙarƙashin takalminsa. Ya tsallake na ɗaya har zuwa na shida, ya tafi kai tsaye wurin na bakwai. Ya cire murfin da sauri har ya suɓuce ya gangara. Ya zura igiya. Jiya huɗu da rabi ta nuna. Yau tun bai shirya ba ƙarfen ya yi tsuwa: huɗu da 'yan kai. A takarda lafiya lau ke nan. A gaskiya kuwa uku ne da 'yan kai, kuma kusan rabin mita ruwan ya hauro a kwana ɗaya.

Ya ɗaga kai. Daga nan ana hango unguwar gaba ɗaya, rufin kwano bayan rufin kwano. Ya ga shanyar gidansa, ya ga wata mata tana wanke jariri a baho. A gefen datsin, ƙasa da inda yake tsaye, ciyawa ta yi kore shar a wuri ɗaya, wani siririn ruwa na tsattsafowa daga cikinta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Gabas kuma ta fara haɗa hadari.

Da gudu ya isa ofis, kamar yadda aka ce masa tun farko.

Injiniya na tsaye a kan masu fenti, don washegari baƙi za su zo, waɗanda ke zuba kuɗin sabuwar tasha. Mai Awo ya ce yana son ganinsa su biyu. Da suka shiga ya ɗora igiyar a kan tebur, ya kwance naɗin, ya faɗi komai daga mai gyaran rediyo har rijiya.

Injiniya bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Ya ɗauko rula ta ƙarfe, ya gwada daga bakin ƙarfen zuwa lambar farko, ya sake gwadawa. Sai ya nemi kujera ya zauna.

"Wata nawa?"

"Bakwai, ranka ya daɗe."

"Ni na sa hannu aka ƙara mita uku a kan wannan datsin." Kamar da kansa yake magana. Ya ɗauki waya ya sa a tsayar da famfunan tura toka. Sannan ya kira manaja, aka ce yana birni wurin tarbar baƙi. Ya kira wata lambar, ba a ɗauka ba.

"A busa jiniya mutane su fita," in ji Mai Awo.

"Makullinta na wurin manaja, kuma ba a busa ta sai da izininsa. Ka ba ni awa biyu. Kada ka faɗa wa kowa tukuna, in aka yi turmutsitsi wani ya mutu, ni da kai ne."

"Uwata tana gindinsa. Ba ta iya tafiya."

Injiniya ya dube shi, ya dubi taga inda gari ke ƙara duhu. "Ban ga fitarka ba," ya ce.

A bakin layi akwai rumfar Mai Faci, inda mazan unguwa ke zama. Mutum takwas ya tarar. Ya ce musu su kwashe iyali su hau filin makaranta, datsi zai iya ɓallewa. Suka dube shi, sai Mai Faci ya yi dariya yana ci gaba da shafa gam a tayar keke.

"Yau kuma kai ne da wannan? Ba kai ka kori matar nan mai hotuna ba?"

Gaskiya ya faɗa. Watanni huɗu da suka wuce wata mata daga ƙungiyar kare muhalli ta zo rumfar nan da hotunan wani gari a wata ƙasa, inda toka ta binne gidaje har rufi. Mutane sun fara tsorata, sai Mai Awo ya miƙe ya bugi ƙirji. Ya ce shi ke aunawa kullum da hannunsa, uwarsa da 'ya'yansa a nan suke kwana, in da matsala shi zai fara tashi. Matar ta tattara hotunanta ta tafi, aka bi ta da tsokana.

"Je ka kwanta, taifot ɗin ne ya dawo," wani ya ce.

Ya ga babu hanya sai ɗaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ya ɗaga igiyar sama yadda kowa zai gani.

"Ƙarya na yi muku. Ranar da matar nan ta zo, na san ruwa ya wuce ƙa'ida. Igiyar nan yankakkiya ce, ni na sa aka yanke, na ji tsoron kora na yi shiru. Wanda bai yarda ba ya je ya buɗe rijiyata."

Mai Faci ya ajiye tayar a hankali. Mutum biyu suka ruga gidan Mai Awo, ba su yi minti uku ba suka fito, kowanne ya nufi gidansa yana kiran sunan matarsa.

Sauran layukan ma sai da ya bi su, kuma a kowace ƙofa sai ya maimaita. In ya ce datsi, a ce ai kai ka ce lafiya. Sai ya ce ƙarya na yi, sannan a tashi. Ya faɗa wa mai shagon da suke gaisawa kullum, ya faɗa wa matar da ta karɓi haihuwar 'yan biyunsa. Wata tsohuwa ta tofar da yawu a gabansa, wani saurayi ya ci kwalarsa sai da aka ɓamɓare. Gidansa ya shiga a ƙarshe. Matarsa ta riga ta ji daga bakin maƙwabta. Ta kwance kan keken ɗinki ta ɗora a ka. Shi kuma ya durƙusa ya goya tsohuwa.

Makarantar na kan tudun da ke fuskantar tashar, hanya ɗaya ce siririya ke hawa can tsakanin katangu biyu. Kafin azahar filin ƙwallo ya cika da mutane da katifu da awaki da talabijin. Malamai suka riƙe yara a aji. Kowa ya zuba wa datsin ido.

Datsi kuwa ko gezau. Awa ɗaya, awa biyu. Hadarin ya tsaya cak kamar ya fasa. Jiniya ba ta yi kuka ba. Yara suka fara kukan yunwa, wata ta tuna ta bar tukunya a wuta, wani ya ce ɓarayi na can na shagali a gidajen da aka bari a buɗe. Mai Awo na tsugune a gefe shi kaɗai, ba wanda ya zauna kusa da shi. Ya rasa addu'ar da zai yi. Sau ɗaya ya kama zuciyarsa tana cewa da ma ya ɓalle a huta, sai ya tsorata da kansa fiye da yadda ya tsorata da datsin.

Mai Faci ne ya fara miƙewa. "Mutumin da ya ce da bakinsa shi maƙaryaci ne, don me za mu yarda da ta yau? Wa ya sani ko kamfani ne ya turo shi ya kore mu, su samu filin zuba toka?"

Maganar ta shiga. Mutum kusan talatin suka ɗauki kaya suka nufi hanyar gangara, mata da goyo a cikinsu. Mai Awo ya riga su, ya tsaya a tsakiya ya buɗe hannuwa yana roƙo. Aka ture shi ya faɗi zaune. A lokacin ɗigon farko ya sauka a goshinsa.

"Kai," tsohuwa ta kira shi daga kan tabarma. "Zo ka ɗauke ni."

Ya zo. Ta nuna masa bakin hanyar, inda katangun biyu suka matse. "Can za ka ajiye ni."

Ya kutsa da ita ta cikin mutane ya ajiye ta a ƙasa, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta daga katanga zuwa katanga. Ta ɗaga kai ta dubi Mai Faci.

"Ni na haifi wannan, na san fuskarsa in yana ƙarya. Wata bakwai ina ganinta, na ɗauka wata mace ce a waje. Yau babu ita. Wanda zai sauka ya tsallake ni ya wuce, kai ka fara, tun da kai ne babba."

Ba wanda ya iya ɗaga ƙafa a kan tsohuwar da ta yi sa'ar uwarsa. Suka tsaya cirko-cirko suna gunaguni, ruwa ya kece. Aka yi kusan rabin awa a haka, ita a zaune cikin taɓo tana rawar sanyi, ɗanta na tsaye a kanta ya baza rigarsa.

Ba a ji wata babbar ƙara ba da farko. Wata yarinya ce ta nuna da yatsa. Gefen datsin, daidai wurin koren ciyawar nan, ya zame ƙasa a hankali, sandunan bututu suka kwanta. Daga baya rugugin ya iso, ƙasa ta girgiza har cikin haƙora. Toka ta fito kauri kamar kwaɓin siminti, ta shiga layin farko. Gidan Mai Awo shi ne na uku. Ya ga rufin ya ɗaga, ya juya, ya nutse. Rumfar Mai Faci ta bi. Sai a sannan jiniya ta fara kuka daga tudun tashar.

Mata suka dinga salati ƙasa-ƙasa, kowa na laluben nasa yana taɓa kawuna. Shugaban makaranta ya bi layi-layi yana tambaya. Sau biyu aka zagaya, ba a rasa kowa ba.

Da ruwan ya tsagaita, kwarin ya zama fili ɗaya mai launin toka, sai kan wata bishiya da sandar lantarki. Wani ya kawo wa tsohuwa bargo, wasu maza biyu suka ɗauke ta suka kai aji. Mai Awo ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya dube shi.

Ya sami matarsa a barandar aji uku, kan keken ɗinki a gefenta, 'yan biyu sun kwanta a cinyarta. Ya tsuguna nesa kaɗan. Ta daɗe tana shafa kan yaran kafin ta yi magana, kuma a hankali ta yi don kada su farka.

"Wata bakwai kana rufe mana ƙofa mu kwanta a wurin nan."

"Haka ne."

"Abu ɗaya zan tambaye ka, Baban Biyu, kuma kada ka gyara shi. Da yau lambar ta tsaya inda take jiya, da za ka faɗa?"

Ya nemi amsar da za ta ba shi mafaka, ya san kuma za ta gane. Ya dubi 'ya'yansa, ɗaya ta sa yatsa a baki tana barci.

"A'a," ya ce. "Da na rubuta na dawo gida na ci abinci."